Abin da shimiyo ya ɗauka a jikina, da abin da ya dawo

Ni malamar makaranta ce a Damagaram, kimiyyar halittu nake koyarwa a sakandare, kuma a shekarar 2022 aka tabbatar mini da ciwon daji a nonon hagu, ina da shekara 39 da ƴaƴa uku. Na rubuta wannan shaida ne saboda matan da ake ɗora wa maganin daji da muke kira shimiyo, su karɓi zagaye ɗaya ko biyu, gashin kai ya zube, baki ya yi gyambo, jini ya yi ƙasa, sai dangi su taru su yanke hukunci cewa maganin ya fi ciwon kisa, a ɗauke mace a mai da ita gida. Na zauna ɗaki ɗaya da irin waɗannan mata, na kuma ji yadda wasunsu suka ƙare. Abin da ya riƙe ni ban gudu ba, bayan ikon Allah, shi ne na san dalilin kowace ɓarna da maganin yake yi a jiki, na san wadda za ta gyaru da wadda ba za ta gyaru ba, kuma ina ganin wannan sani haƙƙi ne na kowace mace, ko ta shiga lakwal ko ba ta shiga ba.

Da damina na fara jin kullutun a ƙarƙashin fata, ba ya zafi, kuma rashin zafin nan shi ne yake yaudarar mata da yawa. Aka yi hoto a nan Damagaram, aka ɗebi ɗan nama aka aika Yamai, sakamako ya dawo da sunan da ba wanda yake son ji. Kafin in haɗa kayan tafiya magana ta riga ta zaga dangi, kuma shawarar da ta fi yawa ita ce wadda kowa ya sani a ƙasar Hausa, cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, idan an taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Surukata, wadda ba ta taɓa nufina da sharri ba, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, ki bari a nemo miki na gargajiya tukuna, waɗanda suka tafi Yamai da wannan ciwo ba su dawowa da ƙafafunsu." Na ce mata, "Hajiya, yawancinsu sai da ciwon ya ci ƙarfinsu suka tafi, ni kuwa da sauran lokaci, ki sa mini albarka kawai." Ta sa albarka, ni da maigidana muka kama hanyar nan da ta kusa kilomita 900, ta Tasawa da Maraɗi da Kwanni da Dogon Dutsi da Dosso, hanyar da na yi ta bi ina dawowa har magani ya ƙare.

Likitan da ya karɓe ni ya tsara a fara da shimiyo don kullutun ya ƙanƙance, sannan a yi aiki, sannan a haska wurin da na'ura. Zagaye huɗu na farko magunguna biyu ne, doksorubisin da siklofosfamid, huɗu na baya kuma dosetaksel, kuma tsakanin kowane zagaye da na gaba kwana 21. Doksorubisin ja ne jawur. Ma'aikaciyar jinya takan zauna kusa da ni da babban sirinji, ta riƙa tura shi a hankali ta jijiya, idonta a kan bayan hannuna, tana tambayata ko ina jin zugi, domin idan ya ɓalle daga jijiya ya shiga nama yana cinye wurin. Ta gargaɗe ni cewa fitsari zai yi ja na yini ɗaya ko biyu, kada in tsorata in ɗauka jini ne, kuma haka ya kasance.

Waɗannan magunguna ba su san ƙwayar daji da fuska ba. Abin da suke nema shi ne ƙwayar halitta da take cikin rabuwa biyu, domin yawan rabuwa ba tsayawa shi ne halin daji. Siklofosfamid yana ɗaure igiyoyin zaren gado, wanda ake kira ADN ko DNA, yadda ƙwaya ba za ta iya kwafe shi ba. Doksorubisin yana kutsawa tsakanin igiyoyin ya hana a ɗinke su bayan an warware. Dosetaksel kuwa yana sandarar da siraran zaruruwan da suke jan kayan gado zuwa ɓangarori biyu a lokacin rabuwa. Ƙwayar da ta gamu da ɗayan waɗannan a tsakiyar aikinta mutuwa take yi. Matsalar ita ce ba daji kaɗai yake rabuwa a jikin baligi ba. Jini, da shimfiɗar cikin baki da hanji, da saiwar gashi, duk kullum cikin sabuntawa suke, kuma kowannensu yana da ƙwayoyin tushe, wasu ƴan ƙwayoyi kaɗan da suke zaune a wurinsu tun haihuwa, waɗanda idan sun rabu sukan bar ɗaya a matsayin tushe, ɗayar kuma ta tafi ta yi ta hayayyafa har ta zama ƙwayar da za ta yi aiki. Na sha koya wa ɗalibai wannan a kan allo, amma sai da na kwanta a gadon asibiti na ga tsarin yana gudana a jikina daki-daki, kowane abu a kan lokacinsa.

A ɓargo abin ya fi tsanani, kuma a nan ne rai yake shiga haɗari. Ɓargon baligi mai yin jini yana cikin ƙashin ƙugu da ƙashin ƙirji da haƙarƙari da gadon baya, kuma a kowace daƙiƙa yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini wajen miliyan 2, ban da farare. Hawa uku ne. A ƙasa akwai ƙwayoyin tushe, waɗanda yawancinsu barci suke yi, ɗaya takan yi watanni ba ta rabu ba. A tsakiya akwai ƴaƴansu, masu rabuwa dare da rana. A sama kuma akwai ƙwayoyin da suka nuna suka shiga jini, waɗanda sun daina rabuwa. Shimiyo hawan tsakiya yake sharewa. Shi ya sa a ranar da aka yi ƙarin maganin da kwanakin da suke biye, awon jini yakan fito lafiya lau, domin ƙwayoyin da suka riga suka nuna suna nan suna aiki. Sai sun tsufa sun mutu, aka duba baya ba masu maye gurbinsu, sannan giɓin yake bayyana. Fararen ƙwayoyin da ake kira nutrofil, waɗanda su ne sojojin farko da suke tarar ƙwayoyin cuta, ba su cika wuce yini ɗaya a cikin jini ba, don haka su ne suke fara faɗuwa, su kai ƙasa tsakanin kwana na 7 da na 14. Ƙwayoyin da suke tsayar da zubar jini sukan rayu kamar kwana 10. Jajaye kuwa kwana 120 suke yi, saboda haka ƙarancinsu a hankali yake taruwa, sai wajen zagaye na uku na fara jin numfashina yana sama idan na ɗauki bokitin ruwa daga bakin famfo zuwa madafa.

Abin da yake ceton mai shan shimiyo shi ne barcin nan na ƙwayoyin tushe. Tun da ba su cikin rabuwa, maganin yakan wuce yawancinsu. Suna kuma da wasu kariya biyu: akwai wani sinadari a cikinsu mai yawa da yake kashe dafin siklofosfamid kafin ya yi aiki, kuma a fatarsu akwai ƙananan ƙofofi masu tura magani irin doksorubisin waje. Idan jiki ya ji fararen ƙwayoyi sun ƙare sai ya aika musu saƙo, su farka su shiga rabuwa, su sake cika hawan tsakiya, zuwa mako na uku jini ya farfaɗo. Manoman karkararmu sun san irin wannan a gonakinsu: kututturen gawo da aka sare yakan sake tohowa muddin saiwar tana raye a ƙasa, amma lokacin da tohon yake ɗanye shi ne lokacin da ya fi rauni, idan awaki suka yi ta cinye shi tun bai yi ƙwari ba saiwar ma gajiya take yi. Ƙwayar tushe da ta farka ta rasa kariyar barci, kuma idan aka sake zuba magani a daidai wannan lokaci ita ma za ta tafi. Kwana 21 ɗin nan da ake jira ba don cunkoson asibiti ba ne, lissafi ne na ba ɓargo lokacin da zai murmure, ba tare da an ba dajin isasshen lokacin da shi ma zai murmure ba. Don haka ne ake yin awon jinin da ake kira NFS kafin kowane zagaye, kuma likitana ba ya yarda a ɗora magani sai nutrofil sun kai 1,500 a ma'aunin.

Wannan ɓarna ta ɓargo ba kuskuren magani ba ce, ta hanyarta ma aka gano maganin. A Yaƙin Duniya na Ɗaya likitoci sun lura cewa sojojin da suka shaƙi iskar guba ta mastad ɓargonsu yakan bushe, fararen ƙwayoyinsu su ƙare. A shekarar 1942, a Jami'ar Yale ta Amurka, Louis Goodman da Alfred Gilman suka gwada wani ɗan'uwan wannan guba a kan mai ciwon dajin kaluluwa, bisa tunanin cewa abin da yake kashe fararen ƙwayoyi masu lafiya zai kashe waɗanda suka zama daji, kuma siklofosfamid da aka ƙara mini daga wannan zuriya ya fito. Sai tsakanin 1961 da 1963 James Till da Ernest McCulloch suka nuna a Toronto ta Kanada cewa ƙwaya guda a ɓargon ɓera tana iya haifar da jini iri-iri ta kuma sabunta kanta, wato an yi kusan shekara 20 ana ba mutane maganin kafin a fahimci abin da yake dawo musu da jininsu.

A zagaye na biyu ne na ga iyakar abin. Na dawo Damagaram, mako na biyu ya kama, da dare sai sanyi ya rufe ni, haƙorana suna haɗuwa. A garinmu duk wanda ya ji haka masassarar cizon sauro zai ce, ya aika yaro ya sayo ƙwayoyi, ya sha ya rufa da bargo ya jira safiya. Ƴar'uwata da take jinyata ta ce, "Yaya, ki sha farasitamol ki kwanta, da safe ma tafi." Amma likita ya riga ya sa na sayi ma'aunin zafin jiki, ya kuma ce mini, "Malama, idan ya nuna 38 a mako na biyu, ko ƙarfe nawa ne, ki tafi asibiti ki ce musu kina kan shimiyo." Ma'aunin ya nuna sama da haka. Maigidana ya nemo mota a cikin daren, aka ɗebi jini, nutrofil ɗina ba su kai 500 ba. An duba cizon sauron ma, domin shi ma yana iya haɗuwa da abin, amma ba a jira sakamako ba aka ɗora mini maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Jikin da ba shi da nutrofil ba ya iya yin mugunya, ba ya iya tsare cuta a wuri ɗaya, ƙwayar cutar da take zaune lafiya a hanjin mutum ko a bakinsa tana iya shiga jini ta kashe shi cikin sa'o'i, kuma sau da yawa zazzaɓi ne kaɗai alamar da take bayarwa. Na yi imani cewa wasu daga cikin matan da ake cewa shimiyo ne ya kashe su, daren irin wannan ne ya zo musu a gida, ba wanda ya gaya musu abin da yake nufi.

Bayan wannan aka ɗaga zagayen gaba da mako guda, aka kuma rubuta mini allurar filgrastim, wadda ita ce saƙon da jiki yake aika wa ɓargo, an kwaikwaye shi an zuba a kwalba. Tana da tsada, kuma sai a cikin sanyi ake ajiye ta, don haka daga Yamai a cikin kula da ƙanƙara nake taho da ita, idan wuta ta ɗauke kuma a shiga neman ƙanƙara a unguwa. Kwana kaɗan da fara ta sai ƙuguna da ƙashin ƙirjina suka riƙa sara, wani ciwo mai bugawa daga can cikin ƙashi, har na kasa zaman tahiya sai a kan kujera. Na kira likita a tsorace ina zaton dajin ne ya shiga ƙashi, ya ce mini ɓargo ne yake aiki da ƙarfi. Daga nan na riƙa jure ciwon da wata zuciya dabam.

Mako na biyun nan ya jawo mini abin da ya fi allura wuya a zamantakewarmu. Mu mutane ne masu dubiya, kuma mai zuwa dubiya lada yake nema, ba a korarsa. Amma ɗaki cike da mata da goyo, wannan tana tari, ɗan waccan yana mura, haɗari ne ga wadda ba ta da sojojin jiki. Na daina zuwa biki da suna da gaisuwar rasuwa a waɗannan kwanaki, na daina shan nonon da ba a dafa ba, na bar latas da duk ɗanyen ganye, aka riƙa tafasa mini ruwan sha. Maigidana ya riƙa tarar baƙi a zaure yana ba su haƙuri. Wasu sun fahimta, wasu sun ce an ɓoye ni ne saboda abin ya yi muni, kuma har yau akwai waɗanda gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba.

Gashi kuwa a farkon mako na uku na zagayen farko ya fara tafiya. Na je tsifa wurin makitsiyata, wadda take yi mini kitso tun ina amarya, tana sa tsinke a kitson farko sai ya taho mata gaba ɗaya daga tushe, a kitse yadda yake. Ta riƙe shi a hannu ta yi salati, ta kasa ci gaba. Na ce mata, "Inna, ɗauko reza ki aske duka, zai fito." Ban faɗa don in kwantar mata da hankali kawai ba. Ƙwayoyin da suke ƙasan saiwar gashi suna cikin mafi saurin rabuwa a jikin mutum, shi ya sa maganin yake kama su da wuri, silin gashin ya sirance ya karye. Amma ƙwayoyin tushen gashi ba a nan suke zaune ba, suna ɗan sama a gefen ramin, kuma su ma masu barci ne. Ƴan watanni bayan zagayen ƙarshe sai ga shi ya tsiro, mai laushi, da furfurar da ban da ita a da. Gaskiya ce a faɗa cewa dosetaksel yakan taɓa wa wasu mata ƙalilan tushen kansa, gashinsu ya dawo a tsarge ko ya ƙi cika, kuma ni ma girata ba ta koma kaurinta ba. Na baki da hanji sun fi saurin zuwa da saurin wucewa, domin shimfiɗar hanji cikin kwana 3 zuwa 5 take sabuntuwa gaba ɗaya. Bakina ya yi ta fashewa har ba na iya kai tuwo da miya mai yaji, sai koko da ya huce da kurkure baki da ruwan gishiri, amma kafin ranar komawa Yamai ya warke. Faratuna sun yi baƙi, kuma kowane zagaye ya bar layi guda a kwance a kansu, inda tsiron ya tsaya na ɗan lokaci sannan ya ci gaba.

Duk waɗannan sun dawo saboda suna da tushe. Akwai wuraren da ba su da shi, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi yi mini nauyin rubutawa. Ƴa mace da dukkan ƙwayayen haihuwarta ake haihuwarta, miliyan 1 zuwa 2, su yi ta raguwa har zuwa balaga su koma ƴan dubu ɗari, kuma ba wani tushe da yake ƙera sababbi. Siklofosfamid yana cikin magungunan da suka fi cinye wannan ajiya, kuma abin da ya tafi ya tafi. Yarinya mai shekara 25 ajiyarta tana da yawa, al'adarta takan ɗauke ta dawo, da yawa ma sun haihu bayan magani. Wadda ta kusa 40 ko ta wuce, abin da ya rage mata kaɗan ne, kuma sau da yawa ɗaukewar ita ce ta ƙarshe. Tawa ta ɗauke a tsakiyar magani, zafi ya riƙa taso mini daga ƙirji zuwa fuska cikin dare har in jiƙe da gumi ko a cikin hunturu, kuma ba ta dawo ba. Ina da burin ƙara haihuwa, autana namiji ne kuma ina son in yi masa ƙanwa. Na yi kuka a kan wannan fiye da yadda na yi a kan nonon da aka cire, domin a wurinmu daina haihuwa ba lamarin mace ita kaɗai ba ne, magana ce da dangin miji suke sa baki a ciki, kuma sun sa. Maigidana ya ce mini, "Uwar yara, rayuwarki na roƙa, an kuma ba ni." Na gode wa Allah da ya ba ni uku kafin ciwon ya zo, ina kuma tuna ƴan matan da na gani a ɗakin ƙarin magani, wasu ko wata shida ba su yi da aure ba.

Lamarin maza dabam ne, domin su suna da ƙwayoyin tushe a maraina masu ƙera maniyyi har tsufa. Wani saurayi da muke haɗuwa a layin awon jini, mai dajin kaluluwa, da ya ji ni malamar kimiyya ce sai ya sa mahaifiyarsa ta tambaye ni abin da kunya ta hana shi tambayar likita. Na gaya mata abin da na sani: maganin yakan tsayar da ƙera maniyyi, kuma ko ba magani sai an yi sama da wata biyu kafin ƙwaya ta nuna, idan tushen ya tsira abin yakan dawo bayan watanni ko shekaru, idan kuwa maganin mai ƙarfi ne ƙwarai yana iya share tushen, kuma rashin haihuwa dabam, rashin kuzarin namiji dabam, na biyun ba ya cika tafiya. Na ce su koma wurin likita su tambayi sunan maganin da adadinsa, domin amsar tana can.

Zuciya ma tana cikin marasa tushe mai ƙarfi. Naman zuciya ba ya sabuntuwa sai kamar kashi 1 cikin 100 a shekara, kuma doksorubisin yana yi masa lahani mai taruwa. Shi ya sa aka yi mini hoton zuciya kafin a fara, kuma akwai iyakar abin da mutum zai karɓa a duk rayuwarsa, wajen miligiram 450 zuwa 550 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki. Zagaye huɗun da na karɓa sun tashi 240. Na rubuta wannan adadi a cikin littafina na asibiti, kuma ina ba kowace mace shawara ta sa a rubuta mata nata, domin idan wata rana ta je wani asibiti, likitan can yana buƙatar sanin abin da ta riga ta sha.

Ko ɓargon da ya farfaɗo bai koma sabo fil ba. Kowane zagaye ya tilasta wa ƙwayoyin tushe rabuwar da a ƙa'ida sai an yi shekaru za su yi ta, wasu sun mutu, wasu sun tsira da tabo a zaren gadonsu. A mafi yawan mutane tabon ba ya haifar da komai. A cikin ƙalilan yakan zama dajin jini daga baya, bayan shekara 1 zuwa 3 idan daga irin doksorubisin ne, ko wajen shekara 5 zuwa 7 idan daga irin siklofosfamid ne. A matan da aka yi wa magani irin nawa abin bai kai mace 1 cikin 100 ba, kuma da na auna shi da dajin da yake zaune a ƙirjina yana girma, ban yi jinkiri ba. Na faɗe shi ne don ban yarda da ɓoye wa majiyyaci gaskiya ba, kuma don a san dalilin da ya sa awon jini ba ya ƙarewa da ƙarewar magani.

Bayan aiki an haska mini wurin a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai, inda aka fara wannan aikin a shekarar 2021. Kafin nan sai mai hali ne yake fita waje neman sa. Yanzu ina shan ƙwayar tamoksifen, mai rage haɗarin dawowar dajin, kullum, na koma aji, ina kuma azumi bayan na rama wanda na sha.

Akwai wata mata daga wajen Magarya da muka fara magani rana ɗaya, ba ta jin Faransanci, mijinta ne yake karɓar bayani a tsaye a bakin ƙofa. Bayan zagaye na biyu kullutunta ya ragu ƙwarai, ita da kanta ta kama hannuna ta ɗora a wurin don in ji. Amma gashinta ya zube, bakinta ya fashe, ta rame, aka kuma ce mata jininta ya yi ƙasa sai an jira mako guda. Mijin ya fahimci cewa maganin ya shanye mata jini ke nan, ya ce ba zai zuba ido a ƙarasa ta ba. Na yi masa bayani iyakar iyawata, na ce, "Malam, jinin nan zai dawo cikin kwanaki, jiran da aka ce a yi shi ne maganin abin." Ya saurare ni da ladabi, ya yi godiya, suka tafi, ban sake ganinta a layi ba. Ba na zarginsa, domin abin da idonsa ya gani gaskiya ne, abin da ba a nuna masa ba shi ne jadawalin. Likitocinmu kaɗan ne, majiyyata sun yi musu yawa, amma ina roƙon a samu wanda zai zauna da mace da mijinta da uwarta kafin ƙarin farko, ya gaya musu da Hausa ko Zabarmanci ko Barbarci cewa a mako na biyu jini zai faɗi, a na uku gashi zai zube, ga wanda zai dawo, ga wanda mai yiwuwa ba zai dawo ba, ga kuma daren da ba a kwana a gida.

Tun da na warware, matan unguwa sukan turo mini duk wadda aka ce za a ɗora wa shimiyo. Ta baya-bayan nan shekararta 27, da ɗa guda, kuma bayan na gama yi mata bayanin jini da gashi sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Anti, zan ƙara haihuwa?" Na ce mata shekarunta suna tare da ita, amma ba ni da ikon yi mata alkawari. Na gaya mata akwai allurar da ake yi duk wata a lokacin shimiyo don kwantar da aikin ƙwayayen haihuwa, tana rage haɗarin ko da yake ba ta kawar da shi, kuma lokacin tambayarta shi ne kafin ƙarin farko, ba bayansa ba. Na rubuta mata tambayoyin a takarda da Faransanci don ta miƙa wa likita, na sa ƙanenta ya je farmasi ya sayo mata ma'aunin zafin jiki, na koya mata karanta shi kafin su kama motar Yamai.